Ranar da Na Ɗora wa Malam Wuƙa

Zazzaɓin ya fara tsungulina tun ina wurin aiki, amma sai bayan azahar ya kayar da ni. Tsakiyar damina ce, ruwa yana ta dukan kwanon rufinmu a Funtuwa tun hantsi bai ɗauke ba. Na haɗiyi magani, na shimfiɗa tabarma a falo kusa da keken marasa lafiya na Malam, na ja bargo har wuya, haƙorana suna karo da juna.

Ni Balaraba, ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin da ake kawo waɗanda suka yi haɗari, sai da na haura hamsin kuma kafin in taɓa ɗan wasan ces, darar nan ta Turawa, da hannuna. Maigidana, Malam Haladu, shi ne gwanin. Ya koyar da lissafi a sakandare har ya yi ritaya, shi ya raɗa wa 'ya'yan wasan sunayen da tsofaffin ɗalibansa ke kiran su da su har yau: dakaru, doki, giwa, hasumiya, sarauniya da sarki. Duk tsawon zamanmu, nawa bai wuce in ajiye musu shayi shi da amininsa Injiniya Bawa in yi gaba ba. Sai hawan jini ya buge Malam. Ɓarin damansa ya shanye, magana ta tafi. Abin da ya rage masa a duniya hannun hagu ne da allon wasan. Injiniya ya ci gaba da zuwa kullum yamma, har ranar da shi ma aka kai shi makwancinsa. Kujerar da ke fuskantar Malam ta zauna ba kowa. Sai na zauna a kai.

Allah ya sani na yi ƙoƙari. Na haddace hanyoyin buɗe wasa masu sunayen garuruwan da ban taɓa zuwa ba. Da na sami sarari a wurin aiki sai in zaro waya in buga na gaggawa da mutanen da ban sani ba, a cinye ni in danna sabo, a cinye ni in danna sabo. Ranar Asabar nakan je inda 'yan wasa ke taruwa, 'yan sakandare su gama da ni suna ɓare gyaɗa. Damina ta tafi ta dawo, ina nan inda nake. Malam kuwa yana cinye ni kamar mai korar ƙuda.

A 'yan kwanakin nan ma ya daina ƙarasa wasan. Muna tsaka da shi sai ya sa ɗan yatsa ya kwantar da sarkinsa, alamar ya sallama, alhali shi ke da rinjaye, ya juya fuska ga bango. Abinci ma ya fara mayar mini da shi. Likita ya duba ya ce ba wani sabon abu a jikinsa. Ni kuwa na san irin wannan juya fuskar. Na sha ganinta a gadajen asibiti, na kuma san inda take ƙarewa.

Ina kwance ina kallon tayar kekensa, sai ƙarar ruwan ta fara canjawa. Ta daina zama ruwa, ta koma sawun mutane masu yawa suna gudu a kan ƙarfe. Saƙar tabarmar da ke ƙarƙashin kumatuna ta soma buɗewa, kowane ido yana faɗaɗa, yana faɗaɗa, har ya kai girman gona. Na miƙe tsaye a tsakiyar wani fili da ba shi da iyaka, an yanka shi gida-gida. Baƙaƙen gidajen ƙonanniyar ƙasa ce, hayaƙi bai gama fita daga cikinta ba. Fararen kuwa kamar an daka ƙasusuwa an baza. Sama ja ce, ta sauko ƙasa-ƙasa, tana ɗiga.

Wani abu ya faɗo gabana, ƙasa ta girgiza. Doki ne, amma daga ƙirji ya ƙare. An datse shi kamar da zarto, yana zaune a kan kututturensa, jini yana tsiyaya ta wurin yankan. Da ɓallin kunnensa na hagu na gane shi. Farin dokinmu ne na allon gida, wanda ya taɓa faɗowa daga tebur.

"Sista, kin makara," in ji shi. "An fara yanka tun ɗazu."

Hannuna ya tafi aljihu neman bandeji. "Tsaya in ɗaure maka, jininka zai ƙare."

"Da shi nake tafiya. Riƙe gezata."

Na riƙe. Ya daka tsalle gaba, muna can sama ya karkace gefe guda, wuyana ya yi ƙara kamar zai tsinke. Da muka dira, filin ya tafi. Muna cikin kasuwa.

Rumfuna ne jere, ba abin da ake sayarwa sai kube. Kuben takobi na jar fata da koriya, da ɗinkin zinariya, da tuntaye masu lilo. Masu sayarwar ba su da idanu, baki ne kawai tun daga goshi har haɓa, kowa yana kiran sunan hajarsa, sunayen nan da na kwana ina haddacewa. Na duba jikina, ashe na riga na saya. Sun yi mini rataye a wuya da kafaɗa da ƙugu, nauyinsu ya tanƙwara ni.

Sai wasu siraran halittu suka ɓullo daga tsakanin rumfunan, masu sauri kamar tsattsewa, kowace da 'yar aska a hannu. Na kai hannu ga kube mafi kyau na zara. Ba komai a ciki. Na zari na biyu, sai iska. Askar farko ta tsaga kumatuna, ta biyu ta ɗauke mini leɓen kunne, ta uku ta bi bayan gwiwata na durƙusa. Suna yi suna dariya, ba ƙiyayya a ciki, kamar masu wasan ruwa.

"Ina takubban?" na yi wa masu rumfa ihu.

"Mu kube muke sayarwa, Hajiya," suka amsa baki ɗaya. "Ga wani sabo ya fito."

Na rarrafa na tsere musu, na faɗa tsakiyar kasuwa. A nan wani ƙaton agogo yake zaune, mai fuska biyu, tumbinsa har ƙasa, a ƙarƙashin fuskokin akwai baki ɗaya cike da haƙoran ƙarfe. Manyan mutane ne a layi gabansa, masu furfura, masu tabarau, kowa ya miƙa hannu. Na tsinci kaina a cikinsu.

"Maza!" in ji agogon. "Maza, maza, maza!"

Na cusa hannu. Ya datse mini ɗan yatsa, na ji ƙashin ya ɓare, zafin ya hau har ƙwaƙwalwa. Kafin in gama kururuwa yatsan ya sake tsirowa, sabo fil, yana ƙaiƙayi. Abin kunyar shi ne daɗi na ji. Na sake cusawa. Ya datse. Na sake. Yatsuna suka taru a ƙasa kamar kuɓewar da aka yanka, ni kuwa ban san ko ɗaya daga abin da nake yi ba sai gaggawar yinsa.

Doki ya ciji zanena ta baya ya fizge ni, na faɗi zaune cikin taɓo.

"Zauna a kan hannayenki," ya ce.

"Lokaci zai ƙare!"

"Ya ƙare mana. Zauna."

Na tura tafukana ƙarƙashin cinyoyina na danne. Agogon ya yi ta kururuwa, ya zazzage ni, ya kira ni tsohuwa, ya ce kaina ya riga ya bushe. Hannayena suna mutsu-mutsu kamar kifin da aka fitar daga ruwa. Ban sake su ba. Can sai muryarsa ta yi nisa, kasuwar ta lafa, idona ya fara ganin abin da bai gani ba ɗazu. Daga hannun kowace halitta akwai wani siririn jan zare da ya miƙe ya ɗaure a maƙogwaron wata. Masu askar nan ba sihiri suke yi ba, zaren suke bi. Na ga wanda ya taho wuyana tun mai shi bai motsa ba. Na sunkuya. Askar ta wuce ta saman kaina ta nutse a tumbin agogon, ƙarafa da baƙin mai suka zubo.

"Yanzu kin fara gani," in ji doki. "Riƙe."

Tsalle na biyu ya ajiye mu a wani dogon ɗaki irin na asibiti, wanda idona bai kai ƙarshensa ba. Gadaje ne hagu da dama, kowane da mutum an ja masa farin mayafi har kai. Wari ya buge ni, irin wanda na sani, na abin da aka bari ya kwana. A tsakiyar ɗakin wata tsohuwa tana tsaye, jikinta na tubali ne da yaɓe, kanta da zankwaye kamar saman soro, idanunta 'yan tagogi biyu da fitila a ciki. Hasumiya ce. Ƙwaryar ruwa a hannu ɗaya, aska a ɗayan.

Na rusuna. "Sannu da aiki, Iya. Su wane ne waɗannan?"

"Naki ne, 'yar nan. Wasanninki. Kin zubar kin bar mini, ko ido ba ki rufe musu ba."

"Ba ni na kashe su ba, Iya. Cinye ni aka yi."

Ta danƙa mini askar. "Buɗe."

Na yaye mayafin farko. Gawar tana kama da ni, sai dai ƙirjinta allo ne, gida baƙi gida fari. A maƙogwaronta akwai wani wawan rauni, har ana hango ƙashin wuya. Na nuna da bakin aska. "Ga abin da ya kashe ta."

Gawar ta buɗe ido ta kwaɗa mini mari, sai da na ga wuta.

"Nan aka binne ni," ta ce. "Nemi inda na mutu."

Na yi shekaru ina ɗinke mutane, ban taɓa farke wani ba. Ran nan na farke. Na tsaga daga wuya zuwa cibiya, na ɓalle haƙarƙari da hannu, na nutsa har gwiwar hannu cikin sanyinta. Ina komawa baya, taku bayan taku, har na taɓo wani ɗan huji can ƙasa, bai fi sukar ƙaya ba. Na kanga ido a kai. A ciki na hango fili, na hango sarauniyar abokin gaba tana nuna sarkina da mashi, tana faɗin abin da za ta yi da babbar murya. Na hango kaina a gefe, na toshe kunne, ina ta maimaita wata dabara tawa da nake ji da ita.

"Ta gaya miki," in ji Iya. "Kowane abokin gaba yana gaya miki. Kina sauraron kanki ne."

Na wanke gawar, na rufe mata ido. Ta yi ajiyar zuciya ta narke, ta bar mini wani ɗan guntun ƙarfe a tafin hannu, mai kaifi ta gefe ɗaya. Na wuce gado na gaba. Wannan ta shaƙe ni kafin ta bari in taɓa ta. Ta gaba ta tofa mini baƙin jini a fuska. Na yi ta tsagawa ina wankewa, bayana ya ƙage, gwiwoyina suna kuka. Raunukan ba su da yawa kamar yadda na zata. Iri biyu ne ko uku, su ne suke ta dawowa da fuska daban-daban. Wanda ya fi yawa kuwa shi ne wannan: wuyan sarkin abokin gaba a buɗe, mayaƙana sun zare makamai suna jiran in ce musu ku shiga, ni kuma na juya baya, na durƙusa ina lulluɓe wani dakare da ba wanda ya ko harare shi.

Guntayen ƙarfen da nake tarawa suka yi ta mannewa da juna a hannuna. Ban ankara ba sai na ga wuƙa nake riƙe da ita, gajera, mummuna, ba ta da kube.

A can ƙuryar ɗakin akwai wasu gadaje dabam. Gawawwakin da ke kansu duk sun juya fuska ga bango. Na yaye mayafin ɗaya, na duba ta ciki da bai. Ba yanka, ba suka, ko ƙwarzane babu. Fatar sumul, har sheƙi take yi kamar an shafe ta da mai.

"Waɗannan fa, Iya?"

"Naki ne da Malam."

"Me ya kashe su?"

"An yi ta shafa su ne har suka mutu."

Raina ya ɓaci. "Mara lafiya ne! So kike in kai wa mara lafiya sara? Mutumin da nake ba abinci a baki?"

Fitilun idanunta suka ƙara haske. "A can haka yake. A nan fa?"

Bangon ɗakin ya tsage ta kusurwa, wata baƙar giwa ta kutso a karkace, ba ta bin tsakiyar hanya, ta ratsa gadaje tana watsi da su. Haurenta ya shiga cikin Iya ta ciki ya fita ta baya. Tubala suka tarwatse, jini mai kauri kamar kwaɓaɓɓiyar ƙasa ya malalo, kan tsohuwar ya gangaro ya tsaya a ƙafata, fitila ɗaya ba ta mutu ba.

"Kin ga zaren," in ji kan. "Kin tsaya gardama."

Rufin ya yaye. Muna tsakiyar yaƙi.

Na tsinci kaina a sahun fararen dakaru, gajeru masu mulmulallen kai, ba su da fuska. Tsawonmu ɗaya da su. Na gwada ja da baya, ƙafata ta ƙi, gaba kawai ta sani. Duk da haka ni kowa yake jira, ba mai ɗaga makami sai na ce. Daga wancan ɓangaren baƙaƙen mayaƙa suna ta kwararowa, kuma wanda ke tura su ya san abin da yake yi. An sare dakaren da ke damana, kansa ya tsage biyu kamar goriba. An tattake na haguna. Giwata tana kwance, hanjinta a waje, tana jan jiki.

"Sista!" suke kira ta ko'ina. "Sista, nan! Sista, ni!"

Duk jikina ya yunƙura zai tafi wurinsu. Sai na tuna abin da nake koya wa sababbin ma'aikata duk ranar da mota ta kife aka cika mana ɗaki: mai ihu yana da numfashi, a nemi wanda ya yi shiru. Na danne hannayena a ƙirji, na bar ihun ya wuce ta kaina, na nemi inda filin ya yi shiru.

Wuri biyu ne. Na farko a bayana, inda sarkina yake tsugune, wani tsoho mai rawar jiki, jan zare ya riga ya zagaye wuyansa, ɗaya bakin zaren yana hannun baƙar sarauniya. Taku ɗaya ya rage mata. Na biyu can ƙuryar gaba, inda baƙin sarki yake tsaye ya ba mu baya, dakarunsa sun yi masa katanga kafaɗa da kafaɗa. Na bi zarurrukan da ido, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai neman jijiya a hannun jariri. In aka fasa katangar nan yanzu, dole su juya su tare, sarauniyarsu ba za ta sami sararin yin takunta ba. A duk mayaƙana kuwa ɗaya ne kawai zai iya tsallake sahu ya faɗa mata.

Yana gefena, yana huci.

"Kin gani?" in ji doki.

"Na gani."

"To faɗi."

"Za su kashe ka."

"Tun da aka sassaƙa ni nake jiran mai jefa ni inda ya dace. Malam ya jefa ni. Injiniya ya jefa ni. Ke kuwa kin mai da ni ɗan goyo."

Na dafa wuyansa. Da ɗumi, jijiya tana bugawa a ƙarƙashin tafina. Shi ne ya fara yi mini magana kamar mutum da na shigo wurin nan. Na cusa yatsuna cikin gezarsa, na tattara duk ƙarfin da ya rage mini, na wurga shi.

Ya tashi sama, ya karkace, ya faɗa kan katangar da ƙirji. Dakare ɗaya ya niƙe a ƙarƙashinsa. Sauran suka rufe shi da gatura. Na ji saran farko a haƙorana. Suka fasa masa goshi, suka cire masa muƙamuƙi, ido ɗaya ya fallatso ya faɗi cikin toka yana kallona. Jininsa ya feso har fuskata, da zafi, yana ƙamshin sabon katako. Bai yi haniniya ba. Da suka ɗaga kai, katangarsu ta yi giɓi.

Na shiga. Taku ɗaya, wani ya soke ni a kafaɗa, ban tsaya na duba ba. Taku ɗaya, na nutsa wuƙata a cikin wani, na murɗa, na zare. Na taka abin da ya rage na doki, ƙafata ta zame, na miƙe. A bayana ana ta kiran Sista. Da na sa ƙafa a gidan ƙarshe, inda fili ya ƙare, fatata ta tsage daga ƙeya har dunduniya. Na fito daga cikinta na zama sarauniya, doguwa, jiƙe sharkaf, hanyoyi suka buɗe mini ta kowace fuska, miƙe da karkace.

Baƙin sarki ya juyo.

Malam ne. Yana tsaye a kan ƙafafunsa biyu, cikin baƙin kaftaninsa na zuwa makaranta, garin alli a hannun riga. Takobi yana hannunsa na dama, hannun nan da nake wankewa kowace safiya in shafa masa mai in ajiye shi a kan matashi. Fuskarsa daidai take, ba inda ya zube.

"Hattara," ya ce.

Muryarsa ce. Muryar da na manta kaurinta, wadda nake nema a cikin kaina in rasa. Na buɗe baki in kira shi. A daidai nan ya kawo sara. Takobin ya shiga damtsena har ƙashi. Na dubi idonsa ina neman nadama, ban samu ba. Murna ce a ciki, tsantsarta, irin wadda rabon da in gani tun Injiniya yana da rai.

Sai na kai masa nawa.

Muka yi ta yi a bakin duniya. Ƙarfe yana cin ƙarfe, tartsatsi yana faɗawa cikin toka. Ya fasa mini leɓe da gindin takobi, na tsaga masa gira. Ya fi ni sani nesa ba kusa ba, kowane sarana ya riga ya san da zuwansa. Na daina tunanin abin da ni zan yi. Na zuba masa ido, na tambayi kaina abin da ban taɓa tambaya ba duk zaman da na yi a gabansa: shi me yake so? Ba me ke masa ciwo ba, ba ko ya gaji ba. Me yake so ya yi mini?

Idonsa ya ɗan gilma hagu. Na riga shi zuwa can. Takobinsa ya sari iska, ya yi tangaɗi, ya kece da dariya, jini yana bin haƙoransa.

"Yauwa!" ya ce. "Yauwa, 'yar gari!"

Ya ja baya taku ɗaya, na toshe. Ya nufi ɗaya gefen, gawar dakarensa ta tare shi. Duddugensa ya kai gaɓar filin. A bayansa ba komai sai ruwan sama yana zuba cikin rami marar ƙasa. Na buge takobin daga hannunsa, ya faɗa can ban ji saukarsa ba. Na ɗora masa wuƙa a maƙogwaro.

Jijiyarsa tana harbin bakin wuƙar. Aikina ke nan tun ina budurwa, jin bugun nan da tsare shi kada ya tsaya.

"Laraba," ya ce, yadda shi kaɗai yake kirana.

"Na'am, Malam."

"Hannunki yana rawa."

"Zazzaɓi ne."

"Kada ki nemi gafarata."

Ban nema ba. Na danna.

Wuƙar ta shige kamar cikin kabewa. Na jira jini, ba jini ne ya fito ba. Magana ce. Duk maganganun da suka maƙale a wuyan nan tun ranar da ya faɗi suka yi ambaliya ta wurin yankan, baƙaƙe, masu fukafukai, suna dukan fuskata. Gaisuwar safiya, faɗa a kan gishirin miya, sunayen 'ya'yanmu, lissafi, addu'a, wata tsohuwar zolaya da ta shafi haƙorina. Sun cika sama, sun rufe jan gajimaren, ƙararsu ta fi ta yaƙin. Ina ta kai hannu ina cafkowa suna zillewa. Malam yana tsaye wuyansa a buɗe, fuskarsa ta saki kamar ta wanda aka sauke wa kaya. Ya kamo guda ɗaya da kansa, babba, mai nauyi, ya matso da ita kunnena.

"Abin da nake ta so in gaya miki," ya ce, "tun ranar da kika zauna a kujerar nan, shi ne..."

Tsawa ta fashe a kan rufin.

Na zabura. Falonmu ne, hasken la'asar yana shigowa ta labule, ruwa yana nan yana zuba. Na jiƙe da gumi har tabarma, zazzaɓin ya sauka. Keken Malam yana gefe a karkace, ba kowa a kai.

Yana ƙasa, kusa da ni. Yadda aka yi ya zamo daga keken ya jawo rabin jikin da ba ya jin maganarsa har inda nake, ban sani ba. Hularsa ta faɗi, numfashinsa yana fita da ƙyar. Hannuna yana damƙe da wuyan hannunsa na hagu, faratana sun nutse cikin fatar, jini yana gangarowa zuwa gwiwar hannunsa yana ɗiga a kan bargo. Ban san me na faɗa cikin barcin ba, shi kuma ba shi da bakin gaya mini.

Akwatin auduga da maganin ciwo yana nan kan kabad, miƙa hannu kawai zan yi. Na fara sassauta yatsuna.

Bai janye ba. Ya juya tafinsa ya cafki wuyan hannuna, ya matse. Ban san akwai sauran irin wannan ƙarfin a jikinsa ba. Ya matse har ƙashina ya yi ƙara, idonsa cikin nawa, ko ƙiftawa ba ya yi. Ɓarin bakinsa mai rai ya ɗaga sama kaɗan.

Na mai da faratana inda suke. Na ƙara matsawa.